Gefe Na Biyu Na Kaset ɗin Na'Allah

Duk wanda ya yi wayo a Bodinga zamanin mulkin farar hula na biyu ya san rumfar Na'Allah mai gyaran rediyo, can kusurwar tasha, jikin mai facin taya. Gyaran rediyon dai suna ne kawai. Ainihin sana'ar mutumin nan ita ce faɗin ra'ayinsa a kan injin da ba nasa ba, kuma babu wanda ya naɗa shi wannan sarauta, shi ya naɗa kansa.

Lokaci ne da kuɗi suka shigo gari, kaya suka biyo bayansu. Sakatariyar ƙaramar hukuma ta cika da tafireta da injin gurza takarda. 'Yan kasuwar albasa suka fara yawo da kalkuleta a aljihu, ko da rabinsu da ka suke lissafi, sai sun gama sannan su danna don a gani. Injinan niƙa suka hana mata jin kiran juna, jam'iyyu kuma kowace da lasifikarta a kan mota. Kowa na saye, amma ba kowa ya san abin da yake saye ba. A nan Na'Allah ya sami gurbi. In sabon inji ya zo gari sai ya je wurin dila ya roƙi aronsa na 'yan kwanaki. Ba ya kallon fenti. Bayan abin yake kwancewa ya leƙa hanjinsa, ya shinshina, ya kunna ya bar shi har ya yi zafi, sannan ya yi tambayar da dilolin suka tsana: ina danginsa? Nufinsa, in wani abu ya karye a ciki, a wace kasuwa za a sami irinsa. Injin da ba shi da kayan gyara a kusa maraya yake kiransa, ko da kuwa daga birnin Sin ya fito sanye da zinariya.

Wannan hali gadonsa ya yi. Ubansa Arzika dillalin shanu ne, irin na da, waɗanda ake sayen sa da maganarsu ba sai an buɗe masa baki ba. Tun Na'Allah na ƙarami tsohon ya koya masa tsarin magana: ka fara yabon sa, domin mai shi na tsaye yana jin ka, sannan ka faɗi aibinsa, domin Allah na ganin ka. Na'Allah bai ɗauki sandar kiwo ba, sukudireba ya ɗauka, amma tsarin nan bai bar shi ba. Ran kasuwa in an yi la'asar mutane kan taru bakin rumfarsa, ya ɗora injin a kan benci, ya kwarara masa yabo har mai shi ya fara murmushi, sannan ya gyara zama ya shiga tonon silili.

Ladan ne ya fito da shawarar kaset. Shi Ladan yana da teburin sayar da kaset a tsakiyar tasha, da rikoda biyu da ya haɗa da waya yana kwafa. Direbobi sukan yi ƙorafin cewa sharhin yana wuce su suna kan hanya, sai ya ce me zai hana a naɗa. Na'Allah ya yi ta noƙe-noƙe na kwana biyu, irin na wanda yake so, sannan ya yarda. Tsarin ma sai ya zo daidai da kaset kamar don shi aka ƙera ta: gefen farko yabo, a juya, gefe na biyu aibi.

Kafin damina biyu muryar Na'Allah ta riga shi zuwa garuruwan da bai taɓa takawa ba. Ana jin sa a teburin mai shayi a Dingyadi, ana jin sa a gindin mangwaro a Danchadi, ana jin sa a motocin da ke zuwa Shagari. Kuma ba saurare kawai ake yi ba. Mutane su ji, su yi gardama, su aiko direba da martani: wane ya ce ƙarya ne, nasa injin niƙan shekararsa guda bai yi tari ba, wane ya ce a tambaye shi wace tafireta ce ba ta cin kirtanin tawada. Wasu ma naɗo nasu suke yi su aiko, har da zagi. Na'Allah ya amsa a kaset na gaba. Ya ji daɗin abin ƙwarai, ba ya ɓoyewa. Matarsa Hajjo, wadda ba ta taɓa barin kansa ya kumbura ya wuce hula ba, takan ce masa, "Malam, muryakka ta hi ka yawo. Ranar da tad ɗauko magana, kai za a zaka nema, ba ita ba." Sai ya yi dariya ya ce mata ta zuba tuwo.

Ɗansu na fari, Maniru, bai bi shi rumfa ba. Ya shiga harkar ɗaukar albasa daga lambuna zuwa tasha. Na'Allah kuwa, kamar kowane uba mai kunya a ƙasar nan, bai taɓa kiran sunan ɗan farinsa ba, balle ya yabe shi. "Yaron ga" yake cewa, yana kallon wani wuri. Mutumin da zai iya cika rabin kaset da yabon injin markaɗe, in aka ce masa ɗansa ya yi abin kirki sai ya tambayi ƙarfe nawa.

Sai duniya ta juya. Gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, aka taƙaita shigo da kaya, shaguna suka fara wayam. Sabulu da madara sai an bi layi. Tafiretocin sakatariya suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, ba don sun mutu ba, sai don babu kirtani. A daidai wannan lokaci wani dila ya kawo sauran wasu ƙananan injinan ban-ruwa masu tambarin jimina, mutane suka sa musu suna Mai Jimina. Na'Allah ya ari ɗaya ya kai shi fadama ya gwada. A gefen farko ya faɗi gaskiya: ba shi da nauyi, ana ɗaura shi a keke, ja ɗaya yake tashi, mai kuwa lasa yake yi ba sha ba. A gefe na biyu ma ya faɗi gaskiya: akwai wata 'yar roba a cikinsa da rairayi ke cinyewa, kuma in ta cinye babu irinta daga nan har Sakkwato. Maraya ne. Wanda ruwansa ke da yashi ya riƙe jigonsa na jan ruwa da hannu, ya fi masa alheri. Ya miƙa wa Ladan kaset, ya manta da zancen.

Wata biyar bayan haka, da hantsi, wani dogon mutum mai malafa ya tsaya bakin rumfar da jaki. Ya kwance Mai Jimina daga bayan jakin ya ajiye a kan benci a hankali, ya yi sallama, ya tsuguna.

"Kai aka kira Na'Allah?"

"Awo, ni na. Mi as same shi?"

"Sunana Hammadu, daga yammacin Shagari. Ciwon bushiya ya kashe man shanu bara, bijimi biyu sunka rage. Nij ji maganakka wurin mai shayi, nis sai da su, nis sayi wanga, nid dasa albasa. Yanzu ta hwara kai, shi kau ya daina jan ruwa. Kai kac ce a saya. Shi na niz zaka in ji mi za ni yi."

Babu faɗa a muryarsa, abin da ya fi damun Na'Allah ke nan. Ya kwance bayan injin, ko da yake ya san abin da zai gani. Robar ta cinye saura zare. Ya ɗago ya tambayi Hammadu ko bai ji inda ya ce mai ruwan yashi kada ya saya ba. Hammadu ya sa hannu a aljihu ya fito da kaset ɗin, domin saye ya yi ya ajiye, kamar yadda ake ajiye shaida. Aka sa a rikoda. Muryar Na'Allah ta fito garau tana zuba yabo. Da ta ƙare ya juya kaset da hannunsa yana cewa, to saurara. Sai ga muryarsa kuma, cikin annashuwa, tana yabon wani injin niƙa.

Ya sake juyawa, ya sake juyawa, kamar wani gefe na uku zai fito. Ya tashi ko takalmi bai sa daidai ba ya nufi teburin Ladan.

Ladan bai yi musu ba, bai ma ga abin musu ba. Ya ce kaset marar komai ya yi tsada, samunsa ma aiki ne. Da ya ɓata kaset guda a kan inji ɗaya, gara ya haɗa gefen farko na wannan da gefen farko na wancan, mai saye ya sami inji biyu. "Kuma Malam, tsakani da Allah, direbobi gehen hwarko suka so. Shi ad da daɗi. In an kai ga na biyu barci shika sa su." Ya ce tun da rani ya kama haka yake yi, kuma ciniki ma ya ƙaru.

Na'Allah ya yi niyyar zazzage masa, sai ya ga ba a nan laifin yake ba. Ladan ba ɓarawo ba ne, talaka ne da ya ga hanyar tsimi. Shi Na'Allah ne ya yanka maganarsa gida biyu ya ajiye wuƙar a kusa. Tsarin Arzika na mutumin da ke tsaye a gabanka ne, wanda kunya ba za ta bar shi ya tafi kafin ka gama ba. Kaset ba ta da kunya, kuma mai sauraronta a wani gari ba ya ganin ka gyara zama. Wato wata da watanni ke nan muryarsa na yawo ƙauye-ƙauye tana yi wa diloli talla kyauta, mutane na sayar da abin hannunsu da sunansa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Shi ba gona gare shi ba, ba shanu ba, maganarsa kaɗai ya mallaka.

Mutanen tasha suka taru suna ba shi baki. Kowa ya ce ba laifinsa ba ne, ya faɗa, wani ne ya yanke. Hammadu ma da ya fahimci abin da ya faru ya miƙe ya ce haka Allah ya so, ya fara ɗaure injinsa a jaki. Na'Allah ya ce masa ya dakata. Ya shiga gida ya gaya wa Hajjo zai yi tafiya, ba ya jin zai dawo kafin a cire albasa. Ta dube shi, ta dubi hannuwansa masu laushi, ba ta ce na gaya maka ba, duk da maganar na bakin harshenta. Ta ɗaure masa tabarma da 'yar ƙullin yaji, ta ce, "Ka dai riƙa sa hula, kanka ba shi son rana."

Ya kulle rumfa ya bi jakin Hammadu a kekensa.

Kada wani ya zaci ya je ya yi wata dabara injin ya tashi. Ya gwada yanka robar taya, ta yi yini ɗaya ta watse. Ya gwada fata, ta jiƙe. Da dabara ta ƙare sai suka kafa jigo biyu a bakin rijiyar lambun, irin wanda aka yar don an sami inji: doguwar sanda a kan gwafa, curin laka a gindi, guga a kai. Hammadu na ɗaya, Na'Allah na ɗaya. Ranar farko hannunsa ya yi bororo, rana ta biyu ya fashe, ya naɗe da tsumma ya ci gaba. Mutanen ƙauyen suka riƙa zuwa kallo, wai ga mai maganar cikin rikoda yana jan ruwa. Yadda ya iya magana haka bai iya jigo ba. Rabin gugansa a ƙafarsa yake zubewa, har 'yar Hammadu, Madina, da ke kawo musu fura takan juya baya don kada a ga tana dariya. Hammadu ya roƙe shi ya koma gida har ya gaji. Na'Allah ya ce muryarsa ce ta shigo lambun nan ta yi ɓarna, dole gangar jikin ta biyo ta biya.

Ba duka albasar ta tsira ba. Shukokin da ke nesa da rijiya sun ƙone, na kusa suka yi kai. Abin da aka cire bai mayar da bijimai ba, amma ya kai gidan ga damina ba tare da an roƙi kowa ba. Maniru ne ya zo da mota ya kwashe buhunan. Ya tarar da ubansa ya yi baƙi ya rame, suka gaisa kamar baƙi, kowa na kallon buhu.

Da Na'Allah ya dawo Bodinga ya sake tsari, kuma ya san yana taka koyarwar ubansa. Ya daina raba magana gida biyu. Da aibi yake farawa, tun kafin ya faɗi sunan injin sosai, sannan ya cakuɗa yabon a ciki yadda ba mai iya tsame ɗaya ya bar ɗaya. Dattawa suka ce rashin ladabi ne mutum ya fara da kushe. Diloli suka daina ba shi aro, sai ya bi wanda ya riga ya saya ya roƙa. Ladan ya ce sabbin kaset ɗin ba sa tafiya, kuma gaskiyarsa ne. Sojoji suka karɓi mulki, wahala ta ƙaru, rumfar ta koma gyaran rediyo na gaske, wani yinin ko na cefane ba ya samu. Amma a shekarun nan da ba a sayen inji sai an sayar da akuya, duk mai shirin saye daga Danchadi har Shagari sai ya tako ya zauna a bencin nan tukuna. Na'Allah ya yi alfahari da wannan fiye da zamanin da ake jin sa a kowace mota.

Shekara uku bayan jigo, ashe ba albasa kaɗai Maniru ke ɗaukowa daga yammacin Shagari ba. Shi da Madina sun daidaita. Na'Allah ya tura ƙannensa da goro, kamar yadda aka saba. Suka dawo suka ce an karɓe su hannu biyu, amma Hammadu ya ce a ba shi lokaci, akwai wanda zai yi shawara da shi.

Ran kasuwa da la'asar sai ga shi da malafarsa, ba jaki. Rumfar cike da mutane. Ya gaisa ya zauna a bencin da ake ɗora inji.

"Malam Na'Allah, ni ban sayen komi sai na ji daga bakinka. An kawo man wani abu, kai kas san cikinai. Ba ni sharhin yaron ga naka."

Aka fashe da dariya. Na'Allah ma ya murmusa, domin wannan mai sauƙi ne. Ya gyara zama ya fara. Yaron yana da zuciya, in ya fusata ba ya cin abinci. Yana da barcin safe. Kuɗi ba sa kwana a aljihunsa in aboki ya yi masa kuka. Ba ya iya ba da haƙuri da baki, sai dai ya sayo tsire ya ajiye ya fita. Ya jero su tiryan-tiryan, bai rage ko ɗaya ba, sannan ya tafa hannu alamar ya gama.

Hammadu bai motsa ba. Ya ce, "Na ji. To juya."

Dariyar ta tsaya. Kowa a wurin ya san abin da ake nema, kuma ya san ba a yi. Uba ba ya yabon ɗan fari, balle a tsakiyar tasha. Na'Allah ya ce ai sauran sai a tambayi ƙannensa da suka kai goro. Hammadu ya girgiza kai.

"Gehe guda nij ji wancan karo, kai ka san abin da yac ci muna. Ban ƙara sayen rabin magana, ko da rabin na aibi na."

Na'Allah ya dubi tafin hannunsa, inda tabon jigo yake har yanzu. Can bayan mutane, jikin motar albasa, ya hango wanda ake magana a kansa ya sunkuyar da kai yana ƙoƙarin sulalewa. Da a ce ya koma lambu ya yi wani ranin yana jan ruwa, da ya fi masa sauƙi. Amma mutumin nan gaskiya ya faɗa, rabin magana ƙarya ce, ko wane rabi ne.

Ya kawar da kai wajen tsofaffin rediyoyin da ke jere, ya yi magana da muryar da ba a taɓa ji a kaset ba.

"Bai taɓa yi man ƙarya ba. Watannin da nika lambunka, shi ar riƙe gidana, uwatai ba ta nemi komi ta rasa ba, kuma har yau bai hwaɗa man ba, wurin maƙwabta nij ji. In ya ɗauki amana shina kai ta." Ya juyo ya dubi Hammadu. "Shina da dangi. In wani abu ya ɓaci, ga ni."

Bai kira suna ba, iyakar abin da ya iya ke nan. Hammadu ya miƙe ya gyara malafarsa ya ce, "Na ba shi."

Kafin magariba labarin ya riga shi isa gida, ba kaset ba direba. Hajjo ta ajiye masa tuwo, ta zauna nesa kaɗan tana tsinke zogale. Can ta ce yaron ya shigo ɗazu, ya ajiye tsire a ƙofar ɗaki ya fita bai ce komai ba.

Na'Allah ya ce ta miƙo, kada ya huce.